Tiyatar Rage Ƙiba: Shirin Shiga da Fargabar Jinya

Na san wasunku tun daga Kubwa da Gwagwalada suka taso, wasu kuma sai da suka keto cunkoson Nyanya da Mararraba. Sannunku da hanya, Allah Ya saka da alheri.

An nemi in yi magana a kan tiyatar rage ƙiba, yadda mutum zai shirya mata, da yadda zai yi da fargabar jinya. Ban zo tallar tiyata ba, ban kuma zo hana kowa ba. Abin da nake son ku riƙe shi ne, tsoron da mai shirin wannan aiki yake ji tsoro ne na mai hankali. Sai dai yawancin mutanenmu a kan awa biyun ɗakin tiyata suke juye tsoron nasu gaba ɗaya, alhali inda aka fi bukatar shiri shi ne gida, bayan an sallamo mutum.

A wajenmu ƙiba ado ce. In amarya ta yi wata uku ba ta murje ba, sai dangi su fara tambayar ko lafiya. In magidanci ya ajiye tumbi, sai a ce kakarsa ta yanke saƙa. Har yau akwai 'yan mata masu sayen ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe don su ciko. Sai ga shi Abuja ta ƙara mana nata: daga gida sai mota, daga mota sai kujerar ofis a Sakatariya, a dawo cikin cunkoso a gajiye, a biya Area 1 a sayi kilishi, a kora da lemun kwalba, a kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima. A nan gida, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya haura yadda ya kamata, kuma abin ya fi yawa a birane.

In ƙiba ta kai wani mataki, ta tashi daga ado ta koma cuta, tana janyo ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa da ɗaukewar numfashi cikin barci. Kuma don Allah mu daina ce wa masu ita ragwaye. Wanda ya kai ga tunanin tiyata, galibi babu abin da bai gwada ba: shayin rage ƙiba, barin tuwon dare, zagayen tafkin Jabi da sassafe. Ya sauke kilo goma, bayan shekara guda kilo sha biyar su dawo. Jiki ne yake kare nauyin da ya saba da shi, yana ƙara yunwa, yana rage ƙona abinci. Wannan halitta ce, babu ruwanta da rashin zuciya.

Ba kowane mai jiki ake yi wa aikin ba. Akwai ma'aunin da likitoci ke kira BMI: a ɗauki nauyin mutum a kilo, a raba da tsayinsa a mita, a sake rabawa da tsayin. Matar da tsayinta mita 1.65 ne, nauyinta kilo 110, ma'auninta ya ɗan haura 40. Ƙa'idar da aka kafa a Amurka a 1991 ita ce a yi wa mai 40 zuwa sama, ko mai 35 da ke da wata cuta kamar ciwon suga. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauto da ita zuwa 35, kuma ana iya duba mai 30 idan ciwon suga ya ƙi jin magani. Yanzu ga allurai irin su Ozempic da Wegovy sun shigo, wasu sun wadatu da su. Amma suna da tsada, kuma in aka daina, nauyin yakan dawo.

Aikin da aka fi yi kashi biyu ne. A na farko, wanda likitoci ke kira silib, ana yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar siriri kamar ayaba. A na biyu, baifas, ana ware 'yar jaka a saman tumbi a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran. Wani likita mai suna Edward Mason ne ya soma wannan na biyun a Jami'ar Iowa ta Amurka a shekarun 1960. A da farke ciki ake yi, amma tun shekarun 1990 aka koma huda ƙananan ƙofofi huɗu ko biyar a zura kyamara da kayan aiki. Ba ƙanƙancewar tumbi kaɗai ke rage cin abinci ba. A 1999 masana a Japan suka gano sinadarin girelin mai tayar da yunwa, kuma mafi yawansa daga sashen tumbin da ake cirewa yake fitowa. Shi ya sa wanda aka yi wa silib yakan yi mamakin yadda yunwa ta kwanta masa.

Na san sunan da ke zukatan da yawa daga cikinku, gara in ambace shi. Ranar 23 ga Oktoba, 2005, Najeriya tana cikin jimamin faɗuwar jirgin Bellview da ya taso daga Legas zuwa nan Abuja, sai ga labarin rasuwar uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Stella Obasanjo, a ƙasar Sifen, bayan tiyata. Tun daga ranar, duk wanda ya ce za a yi masa aiki saboda ƙiba sai wani a gidansu ya tuna masa da ita. To, aikin da aka yi mata zuƙe kitse ne daga ƙarƙashin fata, aikin gyaran sura, ba irin wanda muke magana a kai ba. Duk da haka akwai darasi babba a ciki. A 2009 wata kotu a Malaga ta samu likitan da laifin sakaci ta yanke masa ɗaurin shekara guda, kuma cikin abin da aka bayyana a shari'ar har da jinkirin kai ta asibitin da ke da sashen kulawa ta musamman. Matsala tana iya aukuwa a hannun kowane likita. Abin tambaya shi ne, in ta auku, wa zai gane ta da wuri, kuma ina za a kai mutum?

A wannan shekarar dai, 2005, aka yi wa Diego Maradona baifas a Kolombiya. Masu kallon ƙwallo sun tuna yadda ya zabge har ya yi wuyar ganewa. Bayan shekara goma, a 2015, sai da aka sake yi masa wani aikin a Benezuwela saboda nauyin ya dawo. Tiyata tana buɗe ƙofa, amma ba ta yi wa mutum zaman rayuwarsa.

A cibiyoyin da suka ƙware, haɗarin mutuwa daga wannan aiki yana wajen mutum ɗaya zuwa uku cikin dubu, kusan daidai da na cire matsarmama, wanda ake yi kullum a asibitocinmu ba tare da an tara dangi ana kuka ba. A ɗaya gefen kuma, wani dogon bincike da aka fara a Suwidin a 1987, aka bi mutum sama da dubu huɗu, ya nuna a 2007 cewa waɗanda aka yi wa tiyata mace-mace a cikinsu ya yi ƙasa da na waɗanda ba a yi wa ba da kusan kashi 29 cikin ɗari. Zama da cutar ma yana da nasa haɗarin, sai dai shi a hankali yake ci, shi ya sa ba ya ba mu tsoro.

Amma ku lura, na ce cibiyoyin da suka ƙware. Nan ne shiri yake farawa, kuma nan ne kunya take cutar da mu. Bahaushe yana ganin rashin ladabi ne ya titsiye likita da tambaya. Ranka ne, ɗan'uwa, ka tambaya. Likita, aiki irin wannan nawa ka yi? Kana da rajista da Hukumar Kula da Likitoci ta Najeriya, wadda hedkwatarta ke nan Abuja? Akwai sashen kulawa ta musamman a wannan asibitin? In jini ya ɓalle, akwai jini a ajiye? In na kira ƙarfe biyun dare, wa zai ɗauka? Akwai masanin abinci da zai riƙa bibiyata? Kuɗin da aka yanka mini, har da na matsala in ta taso? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, yana ma murna da su. Wanda ya ɓata rai, ko ya ce babu wani haɗari ko kaɗan, a nemi wani.

Masu shirin tafiya Indiya ko Turkiyya ko Masar ko Dubai, ban ce kada ku je ba, akwai ƙwararru a can. Amma araha ba ta ado, kuma dillalin da ya haɗa tafiyar ta WhatsApp ba shi zai tsaya a kanku ba in ciki ya murɗa bayan an dawo. Kafin a sayi tikiti a samu likita a nan da ya yarda zai karɓi bibiyar. A dawo da cikakken rahoton aikin a rubuce cikin Turanci. Kada kuma a yi gaggawar hawa jirgi, domin dogon zama bayan tiyata yana haifar da gudan jini a ƙafa, wanda kan iya tafiya huhu.

Gwaje-gwajen kafin aiki ba na bukatar dogon bayani, likita zai jero su: jini, suga, zuciya, rukunin jini na sikila, ciwon hanta, leƙa tumbi da kyamara don neman gyambon ciki da ƙwayar cutar da ke haddasa shi, wadda ta yi yawa a ƙasarmu. Mai minshari mai ƙarfi a gwada barcinsa. Abin da zan jaddada shi ne gaskiya. Mai shan taba ko shisha ya daina aƙalla mako shida kafin aiki, domin hayaƙi yana hana ɗinki kamawa. Mai shan tiramadol ko kodin ko giya ya faɗa wa likitan barci, wato mai sa barcin tiyata, a asirce, ba zai kai ƙararsa ko'ina ba, amma in bai sani ba zai auna magani a makance. Haka jiƙe-jiƙe da tsimi da garin magani na gida, a faɗa, a ajiye. Sai kuma abincin mako biyun ƙarshe, wanda ake rage tuwo da shinkafa da mai da suga ƙwarai. Mutane suna ɗauka horo ne. Dalilinsa shi ne hanta: tana kwance ne a kan tumbi, ta mai ƙiba kuma kumburarriya ce da kitse, sai an ɗaga ta likita zai ga inda zai yi aiki. In ta saɓe, aikin ya fi sauƙi da aminci. Don haka walimar bankwana da abinci da wasu ke shiryawa ana gobe za a kwanta asibiti, ganganci ce.

Zaɓen lokaci ma shiri ne. Kada a sa aiki gab da watan azumi. Sabon tumbi ba ya ɗaukar ruwa da yawa a tashi ɗaya, ba zai iya rama ƙishin yini tsakanin magariba da sahur ba. Likitoci sukan ba da shawarar a jinkirta azumi watanni da dama, wasu su ce shekara guda, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame. A tambayi likita, a tambayi malami. Mai niyyar Hajji ko Umara ya lissafa da wannan. Zafin Abuja na watan Maris da Afrilu ma abin lura ne, domin ƙarancin ruwa a jiki yana cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutane gadon asibiti. 'Yan'uwana mata, ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Da yawa waɗanda suka daɗe suna neman haihuwa, da nauyi ya fara sauka sai ciki ya shiga ba zato. A zauna da maigida a yi wannan maganar tun kafin aiki.

Yanzu ga daren da ake jin tsoro. Na sha shiga ɗakin marasa lafiya a irin wannan dare. Za ka tarar da baiwar Allah zaune a bakin gado cikin rigar asibiti, carbi a hannu ɗaya, waya a ɗaya, tana karanta labarin duk wanda aikin ya ɓaci a kansa a faɗin duniya. In ka zauna ka ce, "Hajiya, me ya fi damunki?" da wuya ta ce wuƙa. Sai ta ce, "Likita, in ban farka ba, wa zai riƙe mini yara?" Ko ta sunkuyar da kai ta ce, "Kada a ce ni na kai kaina."

Wannan na biyun ya fi ciwo, kuma mu ne muke ɗora wa mutane shi. Wanda za a yi wa aikin ƙoda, kowa addu'a yake masa. Wanda za a yi wa aikin ƙiba kuwa, sai a ce bai gode wa halittar Allah ba. Neman magani ba butulci ba ne, kuma ba ya rushe tawakkali. Wanda ya yi bincike, ya yi shawara, ya yi istihara, ya cika abin da aka ɗora masa, sauran na Allah ne.

Abin da na ga yana kwantar da hankali a zahiri ba shi da yawa. A kashe wayar nan. A rubuta tambayoyi a takarda a miƙa wa likitan barci in ya zo zagaye. Shi ne zai zauna a wajen kanka tun daga farkon aiki har ƙarshe, yana kallon bugun zuciya da numfashi, ba shi da wani aiki sai kai. A ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali ta baki, a maimaita, jiki yakan saki. In rubuta wasiyya da bayanin bashi zai sa ka yi barci, rubuta, ba kiran ajali ba ne. In kuwa fargaba ta kai ga hana barci makonni, ko akwai tsohon ciwon damuwa, a ga likitan ƙwaƙwalwa kafin aiki. Hakan ba hauka ba ne, cikin tsarin aikin yake.

Bayan an farka, za a ji ciwo, amma irin wanda magani ke iyawa da shi. Wasu kan ji kafaɗa tana sara, wannan iskar da aka hura a ciki ce, za ta wuce. A ranar nas za ta ce a tashi a taka. Kada a ga mugunta ce, tafiyar nan ita ke hana jini daskarewa. Yawanci kwana ɗaya zuwa uku ake sallama, aikin ofis kuma bayan mako biyu zuwa huɗu, ɗaukar kaya mai nauyi sai bayan kamar mako shida.

Sannan a kawo maka ɗan kofin roba na auna magani, mai cin mililita 30, a ce ka kurɓa a hankali. Mutumin da ya saba ɗaga kwanon fura ya shanye a tsaye, yau ga shi da wannan ɗan kofi yana hutawa tsakanin kurɓa da kurɓa, kuma ana so ya haɗa lita ɗaya da rabi kafin dare. A nan jinyar gaske take. Mako biyun farko ruwa-ruwa ne zalla: romon kaza da aka tace aka kwashe mai, madara marar kitse, kindirmo marar suga da aka tsinka. Mako biyu na gaba abin da aka niƙa ya yi laushi. Daga nan alale mai taushi, dafaffen ƙwai, kifi, awarar da ba a soya ba, wake da ya dahu luguf. Abin gina jiki ake fara ci, domin wurin kaɗan ne, kuma ana bukatar giram 60 zuwa 80 a yini. Kunu da koko suna wucewa da sauƙi, amma ba su da abin da jiki ke nema a lokacin, in aka zuba musu suga kuma su sa jiri da zufa da gudawa, musamman ga mai baifas.

Babbar jarrabawarmu tuwo ce. Mu ba ma tauna tuwo, loma muke yi mu dangwali miya mu haɗiye. Sabon tumbi ba ya yafe wannan. Loma ɗaya ta tuwon shinkafa ko sakwara tana iya tokare ƙirji ta dawo. Dole a koyi cin abinci sabo: ƙaramar loma, tauna har ta narke, a ajiye cokali tsakani, kada a haɗa ci da sha, a bar rabin awa a tsakaninsu. Tsire da kilishi da balangu su jira watanni. Lemun kwalba mai gas kuwa a yi sallama da shi. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da masu asfirin, waɗanda muke saya a kemis kamar gyaɗa, suna iya huda sabon ɗinki da gyambo, kada a sha sai da izinin likita.

Akwai alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu: zuciya tana bugawa sama da 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa, numfashi sama-sama, kumburin ƙafa ɗaya, baƙin bayan gida, ko amai da ya ƙi tsayawa. Kada a ce maleriya ce a aika yaro kemis. A kira likitan da ya yi aikin, in bai samu ba a nufi sashen gaggawa na babban asibiti mafi kusa, ko Asibitin Ƙasa, ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, da takardar aikin a hannu. A rubuta waɗannan alamomi a manna a bangon ɗaki, mai jinya ma ya haddace su.

Wajen mako na biyu ko na uku, da yawa sukan yi nadama. Ga gajiya, ga ƙamshin miya daga kicin, kowa yana ci kai kana kurɓar romo. Wasu har kuka. Wannan sananne ne, kuma yakan wuce. Tsakanin wata na uku da na shida gashi kan zube, ya kuma tsiro. Fata za ta saki. Ƙwayoyin bitamin, da na ƙarin jini, da na ƙashi, da B12, da gwajin jini lokaci-lokaci, waɗannan har ƙarshen rayuwa ne, a sa kuɗinsu cikin lissafi tun yau. Ribar kuma ita ce yawanci mutum yakan sauke kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, suga da hawan jini su yi sauƙi, wanda ya daɗe yana salla a kan kujera ya koma kai goshinsa ƙasa.

Maganata ta ƙarshe ga iyalai ce, domin na ga ku kuka fi yawa a zauren nan. Saboda gudun surutu, mutane suna zuwa wannan aiki a ɓoye, su ce sun tafi kwas ko duba 'yar'uwa. Su dawo gida babu wanda ya san abin da ke cikinsu, sai a yi ta tura musu abinci, in sun rame a fara raɗe-raɗin wata muguwar cuta ko a zargi miji da rashin kula. Mai shirin aiki, ba sai ka sanar da unguwa ba, amma ka zaɓi mutum ɗaya ko biyu da za su san komai, su raka ka wajen likita, su kwana da kai makon farko. Ku kuma masu dubiya, ku bar katan ɗin lemu da kulolin abinci a gida. In ya ci cokali uku ya ce ya ƙoshi, ya ƙoshi, kada a ce "daure ka ƙara". Maigida, ka ɗauke wa uwargida girki da hidimar yara na 'yan makonni, ka riƙa fita da ita tattaki bayan la'asar. Uwargida, ki ware wa maigida nasa ɗan kwanon, ki tuna masa da ƙwayoyinsa da ranar komawa asibiti.

Wanda ke da ranar aiki a gabansa, ina roƙonsa kafin ya kwanta yau ya rubuta tambayoyinsa, ya kuma kira mutumin da zai yi jinyarsa ya faɗa masa gaskiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa a yi aiki a sa'a.